Me ya sa ma'aikatan asibiti ba sa tsaftace hannu yadda ya kamata, alhali sun fi kowa sanin amfaninsa?

Duk lokacin da aka taso da maganar cututtukan da ake kwasa a asibiti, musamman in 5 ga watan Mayu ta zagayo, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya WHO ta ware wa tsaftar hannu, sai ka ji mutane suna ta tambaya iri ɗaya, wai ta yaya mutumin da ya shafe shekaru yana karatun ƙwayoyin cuta zai taɓa wannan majinyaci ya wuce ya taɓa wancan bai wanke hannu ba? Amsar da aka fi bayarwa ita ce ganda ce kawai, ko rashin tausayi, ko kuma ba a koya musu ba. Ni dai a ganina wannan amsa ta cika sauƙi, kuma ita ce ma take sa ana ta buga fosta ana shirya bita amma abun ya ƙi motsawa.

Matsalar dai babba ce, ba kuma ta ƙasa ɗaya ba ce. A rahoton da WHO ta fitar a 2022 ta ce cikin kowane mutum 100 da aka kwantar a asibiti, 7 a ƙasashe masu arziki, 15 kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, za su kamu da wata cuta da ba da ita suka zo ba, kuma kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu ɗin a nan suke rasa ransu. Babbar hanyar da waɗannan ƙwayoyin cuta ke bi daga wannan gado zuwa wancan kuwa ita ce hannun masu aiki.

Me ake nufi da tsaftar hannu a asibiti?

Nan ne rashin fahimtar yake farawa. Wanke hannu na gida, wato kafin cin abinci da bayan fitowa daga banɗaki, daban yake da abin da ake nema daga nas ko likita. A asibiti hanya biyu ce, ko dai a wanke da ruwa da sabulu na tsawon daƙiƙa 40 zuwa 60, ko a murtsuke hannu da sanitaiza mai sinadarin alkohol na daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya bushe. Abun da zai ba wasu mamaki shi ne in dai hannun ba wani datti ake gani a jikinsa ba, sanitaiza ɗin aka fi so, ya fi sauri kuma ya fi kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Amma in akwai jini ko wani ruwan jiki a hannu, ko ana jinyar mai irin gudawar nan da ƙwayar Clostridioides difficile ke kawowa wadda alkohol ba ya iya kashe 'ya'yanta, to dole sai ruwa da sabulu.

Sai kuma lokutan. A ƙa'idojin da WHO ta fitar a 2009 an tsayar da lokuta biyar: kafin a taɓa majinyaci, kafin a yi masa wani aiki da ke buƙatar tsafta sosai kamar sa kanula (robar da ake sawa a jijiya don ƙarin ruwa ko allura) ko wanke ciwo ko sa robar fitsari, bayan an taɓa jini ko fitsari ko makamantansu, bayan an taɓa majinyacin, sannan bayan an taɓa kayan da ke kewaye da shi ko da shi ɗin ba a taɓa shi ba, ƙarfen gado ne, zanin gado ne, sandar ƙarin ruwa ce. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa don mutum zai ce ai ni ban taɓa kowa ba, gyara ƙarin ruwa kawai na yi.

To in ka ji an ce ma'aikata suna bin ƙa'ida kashi 40 cikin 100, wanda kusan shi ne matsakaicin da bincike da yawa suka nuna in ba a yi wani shiri na musamman ba, ba wai ana nufin mutum 60 cikin 100 ƙazamai ne da ba sa wanke hannu sam ba. Ana ƙirga lokutan da ya kamata a tsaftace hannu ne a duba nawa aka yi. Nas za ta iya tsaftace hannunta sau da yawa a dutin yini ɗaya kuma duk da haka a ce rabi ta yi.

Tun 1847 ake wannan ja-in-ja

Akwai wani likita ɗan ƙasar Hangare, Ignaz Semmelweis, yana aiki a babban asibitin birnin Biyana na Austiriya. Ɗakunan haihuwa biyu ne a asibitin, ɗaya likitoci da ɗaliban likitanci ne ke karɓar haihuwa, ɗayan kuma ungozomomi. A ɓangaren likitocin kusan mace 10 cikin 100 ke mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa, a na ungozomomi kuwa bai kai 4 ba. Sai ya lura cewa likitocin daga ɗakin fiɗar gawa suke tahowa kai tsaye su duba masu naƙuda, su kuwa ungozomomi ba ruwansu da gawa. A watan Mayun 1847 ya sa dokar kowa ya wanke hannu da ruwan kulorin kafin ya taɓa mace, cikin 'yan watanni mace-macen suka sauko zuwa wajen 2 cikin 100.

Ka zata an karɓe shi hannu bibbiyu ko? Ina, da yawa daga manyan likitocin lokacin ƙin yarda suka yi, wani ɓangare don a lokacin ba a gama fahimtar ƙwayoyin cuta ba kuma shi kansa bai iya bayanin dalilin yadda zai gamsar ba, wani ɓangaren kuma don maganar tana nufin su da hannunsu suke kai wa matan ajali, ba kowa ne zai iya haɗiye wannan ba. Ya rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali. Yanzu ba mai musun ƙwayoyin cuta, amma wannan nauyin na mutum ya yarda cewa hannunsa mai kyan gani ne ke ɗauke da cuta yana nan har gobe.

Lokaci, wanda shi ne uwa uba

A ɗakin kula da waɗanda jikinsu ya yi tsanani, nas ɗaya za ta iya cin karo da lokutan tsaftace hannu kusan 20 a cikin awa ɗaya. Yi lissafi da kanka, in kowane ɗaya sai ta taka zuwa famfo ta wanke ta goge ta dawo, nawa ya rage mata na ba da magani da duba na'ura da rubuta fayil? Wasu masu bincike biyu, Andreas Voss da Andreas Widmer, sun yi wannan lissafi a 1997 a kan ma'aikata 12 da ke duti ɗaya, suka ga in za a bi ƙa'ida ɗari bisa ɗari da ruwa da sabulu zai cinye awa 16 na lokacin aikinsu gaba ɗaya, kamar an cire mutum biyu kenan daga dutin an ce aikinsu wanke hannu kawai, amma in sanitaiza ne a gefen gado awa 3 ya isa.

Wannan shi ne abun da Farfesa Didier Pittet da abokan aikinsa suka kama a asibitin jami'ar Jeniba ta Siwizalan. Sun gano cewa duk inda aiki ya fi yawa a nan bin ƙa'ida ya fi faɗuwa, wato wurin da majinyata suka fi rauni kuma aka fi buƙatar tsaftar a nan aka fi sakaci da ita. Suka sa sanitaiza a jikin gadaje, suka raba ƙananan kwalabe na sawa a aljihu, suka riƙa nuna wa ma'aikata sakamakonsu. Daga 1994 zuwa 1997 bin ƙa'ida ya tashi daga kashi 48 zuwa 66, yawan masu kamuwa da cutar asibiti kuma ya sauko daga kashi 16.9 zuwa 9.9 a 1998. Daga wannan aikin ne WHO ta gina nata tsarin da ta fara yaɗawa a 2005.

Gajiya ma tana da nata. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya bi diddigin ma'aikata sama da 4,000 a asibitoci 35 na Amurka da na'urar da ke ƙirga amfani da sanitaiza, aka ga daga farkon dutin awa 12 zuwa ƙarshensa bin ƙa'ida yana raguwa da kusan maki 9 cikin 100, in aikin ya yi zafi raguwar ta fi haka, waɗanda kuma suka samu hutu mai tsawo tsakanin duti da duti sun fi dawowa da kiyayewa. Mutum ɗaya ne fa, ilimi ɗaya, da safe ya kiyaye da yamma ya kasa. Don haka duk asibitin da ya ɗora wa nas ɗaya gadajen da ya kamata mutum uku su riƙe, ya riga ya yanke hukunci a kan tsaftar hannu ko da bai sani ba.

In babu ruwan fa?

Duk wancan bayani na wurin da kayan suke ne. Rahoton haɗin gwiwa na WHO da UNICEF na 2022 ya nuna rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin tsaftar hannu, wato ruwa da sabulu ko sanitaiza a wurin duba marasa lafiya da kuma banɗakuna, kuma mutane kusan biliyan 3.85 ne ke amfani da irin waɗannan wurare. A irin wannan wuri in ka tara ma'aikata kana musu lacca a kan lokuta biyar, kunya ce kawai za ta hana su yi maka dariya.

Amma ba wai sai an jira an ja famfo ko'ina ba. WHO ta fitar da yadda ɗakin haɗa magani na asibiti zai iya haɗa sanitaiza da kansa, alkohol nau'in etanol kashi 80, ɗan gilisarin don kada fata ta bushe, da ɗan sinadarin haidurojin feroksaid. An gwada wannan a asibitin Point G da ke Bamako a Mali, bin ƙa'ida ya tashi daga kashi 8 zuwa kusan 22. Har yanzu ƙasa yake sosai, eh, amma ya kusa ninkawa uku.

Ingancin kayan ma magana ce. Hannun da ake wankewa da sabulu mai kaifi sau barkatai a yini yana bushewa ya tsattsage ya yi zafi, mai shi kuma a hankali zai fara gudun wankewar, ga shi fatar da ta tsage ta fi riƙe ƙwayoyin cuta. Sai kwalbar da aka manna a bango amma wata guda babu komai a ciki, sai famfon da ke can ƙarshen ɗaki an jibge kaya a gabansa, sai tawul ɗaya jiƙaƙƙe da kowa ke gogewa da shi wanda gara ma babu.

Wa ake karewa, majinyaci ko kai?

Wannan ɓangaren shi ya fi jan hankalina. Wani nazari da ya tattara bincike da dama a 2010 ya nuna ma'aikata suna tsaftace hannu kashi 47 bayan sun taɓa majinyaci, amma kafin su taɓa shi kashi 21 kacal. Wanke hannu bayan taɓa mara lafiya kanka kake karewa, ƙyama ce ma kawai take tura ka, ka taɓa ciwo ko gumi jikinka ya ba ka cewa akwai datti. Wanda ake yi kafin taɓawa kuwa majinyacin yake karewa, hannunka a bushe yake tas, babu abin da ke tuna maka sai horo.

Kuma sakacin ba ya nuna kansa nan take. In aka yi kuskuren allura sau da yawa a take ake gani, kowa ya san wanda ya yi. Cutar da ta bi hannu kuwa sai bayan kwana biyu ko uku ko fiye zazzaɓi ya taso, lokacin mutane da yawa sun taɓa majinyacin, ba wanda zai ce ga hannun da ya kawo ta, shi ma wanda ya kawo ɗin bai sani ba. Ya tsallake sau ɗari bai ga komai ba, to me zai sa ya ji tsoron na ɗari da ɗaya?

Sai safar hannu, wadda mutane da yawa har da masu jinya suke ɗauka ita ce ƙarshen tsafta, in suka ga nas da safa hankalinsu ya kwanta. Safa ba ta maye gurbin tsaftace hannu. Tana iya samun 'yar huda da ido ba ya gani, wajen cire ta hannu yana gurɓata, mafi muni kuma shi ne wanda zai sa guda ɗaya ya zaga gado huɗu da ita ya taɓa waya ya taɓa biro, shi dai ya tsira, majinyatan kuwa ya raba musu. Bincike a asibitocin Birtaniya ya nuna in an sa safa an fi barin tsaftace hannu, shi ya sa ma WHO ta mayar da taken ranar tsaftar hannu ta 2025 a kan wannan batu na safa.

Akwai wani ɗan gwaji da Adam Grant da David Hofmann suka yi a wani asibitin Amurka suka wallafa a 2011. Sun liƙa sanarwa iri biyu kusa da wurin wanke hannu, ɗaya tana cewa tsaftar hannu tana kare ka daga cuta, ɗayar tana cewa tana kare majinyata. Ta farkon ba ta canza komai ba, ta biyun ce ta ƙara yawan amfani da sabulu da sanitaiza. Ma'aikacin lafiya ya saba ganin kansa a matsayin wanda cuta ba ta kamawa, amma in aka tuna masa da wanda ke kwance sai abun ya taɓa shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maganar rashin tausayi ba ta zauna ba.

Na gaba yai gaba

A wancan nazari na 2010, nas-nas sun samu kashi 48 na bin ƙa'ida, likitoci 32. Ko a Jeniba da aka yi nasara, likitoci ne suka fi ƙin motsawa. Ana kawo dalilai, likita yana yawo ɗaki-ɗaki ba shi da wuri ɗaya da ya saba da shi, taɓawarsa gajeriya ce yana ganin bai yi wani abu ba, sannan shirye-shiryen horon sau da yawa nas-nas ake tarawa likitoci ba sa zuwa. Duk gaskiya ne, amma akwai girman kai a ciki, kada mu ɓoye.

Illar kuma ba a kansa kaɗai take tsayawa ba. Wani bincike da aka yi a Chicago aka wallafa a 2003 ya gano in babba a cikin tawaga bai wanke hannu ba, na ƙasa da shi ma ba sa wankewa, kuma komawa sabon gini mai wuraren wanke hannu da yawa bai gyara komai ba. Ka hango zagayen safe, babban likita a gaba, ƙananan likitoci da ɗalibai a baya, ya wuce kwalbar sanitaiza bai kalle ta ba, wane ɗalibi ne zai tsaya yana murza hannu har a bar shi a baya? Wace ƙaramar nas ce kuma za ta ce ranka ya daɗe ba ka tsaftace hannu ba? A asibitin da faɗin haka ba zai jawo wa mutum tsangwama ba, a nan ne kawai ake samun gyara mai ɗorewa.

Ƙananan abubuwa ma suna shigowa, zobba da agogo da dogayen farata, musamman faratan kanti. A wani ɗakin jarirai na birnin Oklahoma tsakanin 1997 da 1998 ƙwayar Pseudomonas ta ɓarke jarirai 16 suka mutu, bincike kuma ya alaƙanta yaɗuwar da nas biyu, ɗaya mai dogayen farata ɗaya mai na roba. Akwai kuma masu ɗari-ɗari da sanitaiza saboda alkohol ɗin da ke ciki ta fuskar addini, WHO ta ware babi guda a kan wannan a ƙa'idojinta, kuma majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar Musulmi ta duniya, Rabiɗa, a zamanta na Makka a 2002 ta halatta amfani da alkohol a jiki don tsaftace ciwo da kashe ƙwayoyin cuta, asibitocin Saudiyya ma da shi suke aiki.

Su kansu alƙaluman a yi hattara da su

Yawancin asibitoci mutum suke sawa ya tsaya da takarda yana kallo yana ƙirgawa. To kowa ya san in ana kallonka ka fi nutsuwa. A wani asibitin Toronto na Kanada an gwada da na'ura aka wallafa a 2014, aka ga amfani da kwalaben da ke inda mai sa ido yake tsaye ya ninka kusan sau uku a kan lokacin da ba ya nan. Saboda haka in asibiti ya liƙa takarda yana cewa ma'aikatansa suna bin ƙa'ida kashi 95, tambayar farko ita ce wa ya ƙirga kuma ta yaya. Na'urorin ma ba su kammala ba, suna ƙirga sau nawa aka matsa kwalba ne, ba su san ko a lokacin da ya dace aka matsa ba, ko an murza har tsakanin yatsu da babban yatsa.

Laifin tsari ne ko na mutum?

Masana sun rabu a nan. Wasu suna cewa a daina neman mai laifi, a gyara tsari, a kawo kaya kusa, a ƙara ma'aikata, a horar, a riƙa nuna sakamako, shugabanni su fara da kansu, don in ka fara hukunci mutane za su koma ɓoyewa da gyara alƙaluma. Hujjarsu tana da ƙarfi, da WHO ta gwada wannan tsari nata mai rassa da yawa a Kosta Rika, Italiya, Mali, Pakistan da Saudiyya, bin ƙa'ida ya tashi daga kashi 51 zuwa 67. Wasu kuma irin su Robert Wachter da Peter Pronovost sun rubuta a 2009 cewa rashin ɗora laifi yana da iyaka, in an tanadi komai, an koyar, an yi gargaɗi, mutum ya ci gaba da ƙi, to ya kamata a hukunta shi har da dakatar da shi daga duba marasa lafiya na ɗan lokaci, kuma hukuncin ya hau kan babban likita kamar yadda zai hau kan nas.

Ni ina ganin duka biyun suna da gaskiya amma akwai wanda ya kamata ya riga wani. Shugaban asibitin da kwalabensa babu komai, famfonsa a ƙafe, ba shi da bakin hukunta kowa. Wanda ya cika nasa kuwa ya bar likita ɗaya yana taka doka don ana jin nauyinsa, shi ma ya rusa abin da ya gina.

Me ya rage wa majinyaci da mai jinya?

Su ne dai ke biyan kuɗin sakacin. Wanda ya zo tiyatar kwana uku ya koma mako uku saboda ɗinki ya ruɓe, ƙarin kuɗin gado, ƙarin magani, aiki ya tsaya, ga ƙwayoyin cutar asibiti da yawansu sun riga sun saba da magungunan da aka fi amfani da su, irin su MRSA, sai an nemo masu tsada waɗanda ba ko'ina ake samu ba. Jarirai sabbin haihuwa, masu jego, tsofaffi da waɗanda aka sa wa roba a jijiya ko mafitsara su suka fi shiga haɗari.

Ana ƙarfafa wa majinyata gwiwa su tambayi ma'aikaci ko ya tsaftace hannu, wasu asibitocin har baji suke ba ma'aikata mai cewa a tambaye su. A aikace abun da wuya, mutum yana kwance rayuwarsa a hannun wani, tsoro yake kada a ji haushinsa, kuma an lura mutane sun fi iya tambayar nas a kan likita. Mai jinya da ke tsaye a gefe ya fi samun ƙarfin yin maganar, cikin ladabi, musamman kafin a taɓa kanula ko a buɗe ciwo ko a ɗauki jariri, in kuma ya ga kwalba babu komai ya sanar da mai kula da ɗakin. Shi ma kansa mai jinyar da 'yan dubiya suna cikin lissafin, suna taɓa gado su taɓa ƙofa su gaisa da na gadon kusa su dawo su ba nasu abinci, don haka ƙa'idar kafin taɓawa da bayan taɓawa ta hau kansu kamar yadda ta hau kan ma'aikatan asibiti.